Famfon mai na lantarki a tsohuwar mota: tambayoyin masu 504, Bitil da Marsandi

Duk mai riƙe da tsohuwar mota mai kafireto a Jos, ko Fijo 504 haɗin Kaduna, ko Bitil, ko Marsandi 200, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce masa: "Alhaji, ka sa mata famfon lantarki ka huta." Shawarar ba laifi, sai dai rabinta ake faɗa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa a bakin gareji da wuraren zaman masu irin waɗannan motoci. Ni 504 nake ja, don haka misalaina za su fi karkata can.

Mene ne bambancin famfon da motar ta zo da shi da na lantarki?

Famfon asali a jikin inji yake, kuma inji ne ke motsa shi. Akwai wani ɗan ƙusumbi a kan kamshaf da ke tura hannun famfon, hannun ya ja fatar robar da makanikai ke kira dayafaram, ita kuma ta tsotso mai daga tanki ta miƙa wa kafireto. Inji na juyawa, mai na zuwa. Inji ya tsaya, mai ya tsaya.

Na lantarki da wutar batir yake aiki. Da zarar wuta ta isa gare shi zai fara tura mai, bai san ko inji na raye ko ya mutu ba. Amfaninsa daga nan yake, haɗarinsa ma daga nan yake, kuma kusan duk amsoshin da ke gaba a kan wannan suka rataya.

To me zai sa in taɓa abin da Peugeot suka yi da kansu?

Idan motarka na tashi lafiya kuma ba ta mutuwa a hanya, kada ka taɓa. An fara ƙera 504 a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da haɗa ta har 2006, kuma da wannan famfon na jikin inji ta yi ta jigilar fasinja tsakanin Jos da Bauchi da Maiduguri. Ba abin rainawa ba ne.

Masu canzawa yawanci ɗaya daga cikin abu uku ne ya ishe su. Motar da ake fitowa da ita ranar Juma'a ko ranar biki kawai, man da ke cikin kafireto ya bushe kafin mako ya zagayo, sai an yi ta kik har batir ya sauka kafin famfon inji ya jawo mai daga baya. Na lantarki cikin daƙiƙa kaɗan yake cika kafireto tun ba a murɗa kik ba. Na biyu, mutuwar mota idan ta yi zafi, wadda amsa ta gaba ta yi bayaninta. Na uku shi ne kasuwa: famfon asali mai kyau ya yi wuya, sabon da ake samu a kwali sau da yawa jabu ne, robar cikinsa ba ta daɗewa.

Jos garin sanyi ne. Ta yaya za a ce mai na tafasa a cikin layi?

Tudun ne. Jos na sama da teku da kusan mita 1,200, iskar nan ba ta da nauyin ta Legas, shi ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Fetur ma haka yake, ga shi ɓangarensa mafi sauƙi yana fara zama tururi tun a wajen digiri 35 zuwa 40. Famfon inji kuma tsotsa yake yi daga nesa, tsotsa na ƙara rage matsin da ke kan man, sannan shi kansa famfon a manne yake da inji mai zafi. Da tururi ya cika shi, dayafaram sai ta yi ta bugun iska, kafireto ya ƙafe.

Wanda ya taɓa hawo Hawan Kibo da 504 cike da mutane da buhuna ya san yadda abin yake: giya ta biyu, mota na tafiya a hankali, iska ba ta shiga bonet, inji na neman mai fiye da kowane lokaci, sai ta fara shaƙewa ta tsaya. A Abuja zafi ne ke yin aikin, musamman Maris da Afrilu a gosulon Nyanya da Mararaba. Tsumma jiƙaƙƙe ko ledar fiyawata da tsofaffin direbobi ke ɗorawa a kan famfo ba camfi ba ne, sanyaya shi suke yi tururin ya koma mai. Famfon lantarki da aka ɗaura kusa da tanki yana turo man ne da matsi, mai kuma idan yana cikin matsi ba ya saurin tafasa.

Ta yaya zan tabbatar famfo ne ke damun motar kafin in kashe kuɗi?

Wannan ce tambayar da aka fi tsallakewa. Lokacin da motar ta mutu, kashe makulli, cire murfin filtar iska, leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur. Idan ka ga mai ya yi tsartuwa, akwai mai, je ka nemi matsalar a wuta: kwayil da ke gajiya idan ta yi zafi, kwandensa, ko kwantak. Idan ba tsartuwa, mai ne bai iso ba. Sai ka buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska "fuuu", hanyar numfashin tankin ce ta toshe, kuma ko wane irin famfo ka sa haka zai yi ta fama.

Bayan nan a duba tsohon tiyo mai tsagewa da ke shan iska, da filtar da ta cika, da tsatsar tanki. Motar da ta haura shekara arba'in, wadda ta sha man 'yan bumburutu ba adadi, da wuya tankinta ya rasa laka a ƙasa. Akwai kuma abin da ba famfon da zai gyara: iskar Jos ba ta kai ta bakin teku kauri ba, injin da ba shi da turbo na rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 na hawa. Motar da aka saita a Legas in ta zo nan sai ta yi nauyi, ta yi baƙin hayaƙi. Wannan aikin saitin kafireto ne.

Wane irin famfo zan saya?

Mai ƙaramin matsi, wanda aka yi musamman don kafireto. Solex na 504 da na Bitil, da Weber da Zenith, duk kafireto ne masu son matsi tsakanin psi 2.5 zuwa 4, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na bar guda (psi da bar ma'aunan matsi ne). SU na tsofaffin motocin Ingila ya fi son ƙasa da psi 3. Abin da ke tsare mai a kafireto ɗan fulot ne da allura, ƙarfinsu bai taka kara ya karya ba. Matsi ya yi yawa, allurar ta kasa rufewa.

Yawan man ba abin damuwa ba ne. Injin fetur na shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita a awa a kan kowane ƙarfin doki idan an taka shi har ƙasa. Injin 504 mai lita 2 mai kafireto bai kai doki 100 ba, don haka lita 30 zuwa 35 a awa ita ce iyakar buƙatarsa, ƙananan famfuna kuwa na bayar da ninkin wannan. Ɗan famfon nan mai kusurwa huɗu na Facet ya shahara a wannan aiki, akwai kuma na Pierburg da Huco da Carter. Kowannensu na da masu matsi daban-daban, saboda haka lambar psi da ke jikin kwali za ka karanta, sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Wanda ba a rubuta matsinsa ba, bar wa mai shago kayansa.

Makanikena ya ce akwai na Camry ko na Golf tokunbo, ya fi ƙarfi kuma ya fi araha. In karɓa?

A'a. Famfon mota mai injekta psi 40 zuwa 60 yake bayarwa, fiye da ninki goma na abin da kafireto zai iya riƙewa. Obafulo zai yi nan take, mai ya kwarara a kan inji ko ya gangara cikin silinda ya wanke baƙin mai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yawancinsu ma don zama cikin tanki aka yi su, man da ke kewaye da su ne ke sanyaya su. Ana iya tilasta musu aiki da regileta ta musamman mai rage matsi da layin da ke mayar da mai tanki, amma kuɗi da wahalar sun fi na sayen famfon da ya dace tun farko.

A ina ake ɗaura shi? Na ga wasu a cikin bonet.

Kusa da tanki, kuma daidai da ƙasan tankin ko ƙasa da shi kaɗan, yadda mai zai gangaro masa da kansa. Yawancin famfunan lantarki gwanayen turawa ne, ragwayen tsotsa. Wanda aka kai cikin bonet an mayar da shi gidan jiya: yana tsotsa daga nesa, yana shan zafin inji, tururin da aka gudu yana nan. Akwai 'yan kaɗan da aka ƙera don tsotsa, irin wasu na Huco da wasu tsofaffin na SU, su ana iya sa su gaba, amma sai takardarsu ta faɗi haka.

A 504 da Marsandi tanki a baya yake, sai a nemi wuri a jikin ƙarfen mota inda salansa ba ta kusa, inda kuma dutse ko tudun rage gudu ba zai doke shi ba. Ka tuna da hanyoyin unguwanni a watan Agusta, ruwa da taɓo na kaiwa ko'ina a ƙarƙashin mota, don haka a rufe mahaɗar wayoyi da kyau. A sa roba tsakanin famfon da ƙarfe don rage ƙara. In an yi haka kuwa, a ja masa wayar at ta daban, wato wadda ke haɗa shi da jikin mota, saboda robar ta raba shi da ƙarfen. Akwai kibiya a jikinsa mai nuna inda mai ke bi, an sha ganin wanda aka ɗaura a juye.

Filta fa, kafin famfo ko bayansa?

Kafin famfo dole ne, domin ƙwayar tsatsa ɗaya na iya maƙale bawul ɗin cikinsa. Amma ta zama mai sakin mai, kada ta yi tsauri har famfon ya koma tsotsa da ƙyar. Wata ta biyu kusa da kafireto ba laifi. A makonnin farko ka riƙa duba ta baya akai-akai, sabon famfo kan taso da dattin da ya daɗe a kwance. In tana cika duk bayan kwana biyu, a sauke tanki a wanke.

Mai gyaran waya ya ce zai ɗauko wuta daga kwayil, aikin minti biyar. Akwai matsala?

Akwai, kuma ni an taɓa yi min. Wani mai gyaran waya ya ɗauko min daga kwayil, ya murɗe wayar da hannu ya naɗe da salatif, ba fis ba komai. Sai da na ji warin roba a hanyar Bukuru na gane abin da aka yi. A motoci da yawa akwai rizisto kafin kwayil mai rage wutar zuwa ƙasa da bolt 12, sai famfo ya samu ragaggiyar wuta, kwayil ma a rage mata nata, tartsatsin filogi ya yi rauni. Ga tsohon makunnin makulli an ɗora masa kayan da ba a yi shi dominsu ba.

Yadda ake yi shi ne da rile, ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafafu masu lamba. Waya daga batir ta bi ta fis, fis ɗin kusa da batir, ta shiga ƙafa mai lamba 30. Ƙafa ta 87 ta tafi famfo. Ta 85 ta tafi at, ta 86 kuma ita ke karɓar umarni daga makulli. Ƙananan famfuna masu bugawa irin na Facet amfiya 2 ko ƙasa da haka suke ci, masu juyawa kan kai 4 zuwa 5, don haka fis mai amfiya 5 zuwa 10 ya wadatar, gwargwadon abin da takardar famfon ta ce. Wayar ta zama mai kauri, a ɗaure ta a hanya, duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Wannan rabin aikin ne. Sauran rabin na amsa ta gaba.

Kun ce famfon bai san inji ya mutu ba. Me ake yi a kai?

Ka ɗauka an yi karo, Allah ya kiyaye, tiyon mai ya tsinke a gaba, direba ya suma, makulli na kunne. Famfon inji da tuni ya tsaya. Na lantarki zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi har tanki ya ƙare ko wuta ta kama. Ko ba karo ba, allurar kafireto ta maƙale ka bar makulli a kunne kana sauraron rediyo, mai zai cika inji. Shi ya sa yawancin motocin da suka fito daga kamfani da famfon lantarki a zamanin injekta suke da abin da ke yanke masa wuta.

Hanya uku ake bi. Ta farko makunnin matsin baƙin mai: inji ya tsaya, matsin ya faɗi, famfo ya mutu. Akwai mai ƙafa uku da aka yi don wannan aiki, yana bai wa famfo wuta lokacin kik, sannan ya riƙe ta muddin akwai matsi. Ƙarin ribarsa, ranar da baƙin mai ya zube a hanya, motar za ta mutu da kanta ba da jimawa ba. Ta biyu rilen famfon mai na tsofaffin Golf da Audi masu injekta irin ta K-Jetronic, wanda ke sauraron bugun kwayil, bugu ya tsaya ya yanke wuta. Ana iya dacewa da shi wajen masu kayan tokunbo a Dilimi ko a Apo. Ta uku makunnin karo, ɗan akwati mai maɓalli a sama irin wanda motocin Ford da yawa ke zuwa da shi, jijjiga mai ƙarfi ta sa ya katse wuta har sai an danna shi.

A ganina a haɗa biyu: ɗaya daga cikin biyun farko, da makunnin karo. Tunda makunnin baƙin mai ba ya barin famfo ya yi aiki kafin a murɗa kik, sai a ƙara ɗan maɓalli a ƙasan dashbod wanda ke aiki muddin yatsa na kansa, a danna na daƙiƙa biyar da safe a cika kafireto. Makunnin da ake kunnawa a bari ba kariya ba ne, mutumin da ya suma ba ya kashe makunni. Makaniken da ya ce maka duk wannan ɓata lokaci ne, nemi wani.

In cire tsohon famfon ko in bar su biyun?

Duka ana yi. Wasu na barin na inji yana aikinsa, na lantarki ya zama na cika kafireto da safe da kuma ceto a Hawan Kibo. Wannan na yiwuwa idan na lantarkin na barin mai ya ratsa shi yana kashe, kamar yadda masu bugawa irin na Facet ke yi. Masu juyawa da yawa kan tare hanya. Haɗarin tsarin shi ne dayafaram: in ta yage, na lantarki zai riƙa tura fetur ta cikin yagewar kai tsaye zuwa cikin baƙin mai. Ka riƙa zaro sandar awo. In ka ga baƙin mai na ƙaruwa da kansa, ya tsinke, yana warin fetur, kada ka sake tayar da motar sai an cire famfon an juye man.

Idan na lantarki ne zai ɗauki aikin gaba ɗaya, a kwance tsohon, a rufe gurbinsa da farantin ƙarfe da gasket. Barin sa a jiki babu tiyo yana bugun iska hanya ce ta yoyon baƙin mai.

Sai na sa regileta?

Idan ka sayi famfo mai matsin da ya dace, ba sai ka sa ba. Idan matsinsa ya ɗara kaɗan, misali psi 5 zuwa 7, ka sa ta tsakanin famfo da kafireto. Filter King na Malpassi sananne ne, filta ce da regileta a haɗe. Masu arahar nan da ake murɗawa kamar agogo, lambobin jikinsu ba abin dogaro ba ne. Gejin awon matsi ne alƙali, a sa shi a bakin kafireto inji na aiki a ga gaskiya. Alamun matsi ya yi yawa: warin fetur bayan an tsaya, filogi baƙi ƙirin, silo ba ya zama, da jiƙewar jikin kafireto.

Tawa Bitil ce. Akwai abin da ya bambanta?

Sosai. Tankin Bitil a gaba yake, inji a baya, don haka famfo a gaba zai zauna, ƙarƙashin tanki. Famfonta na asali wata 'yar sanda ce ke tura shi daga ƙasa. In an cire shi, a zare sandar kafin a rufe gurbin. Solex ɗinta ba ya son abin da ya wuce psi 3 zuwa 3.5. Bitil ta yi suna wajen gobarar inji, kuma sanannen dalili shi ne ɗan bututun tagulla da ke shigar da mai kafireto, wanda matse shi kawai aka yi, yakan zare idan ya tsufa, mai ya zubo a kan distiributa. Da famfon lantarki abin ya fi muni, don haka a tabbatar bututun ya kafu, kuma kada a rataya masa nauyin filta.

Duba batir ma. Waɗanda aka haɗa a Legas daga 1975 masu bolt 12 ne, amma tsofaffin da suka girmi 1967 bolt 6 ne in ba an canza ba. Masu tsohuwar Land Rover da sauran motocin Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1960 su kuma su duba wane kan batir ne ke haɗe da jikin mota, wasunsu kan mai alamar tarawa ne. Famfon zamani in aka juya masa wuta yana iya ƙonewa nan take.

Marsandi 230E ko 504 mai injekta fa? Mai dizal fa?

Wannan bayani bai shafe su ba. 230E da 280E da famfon lantarkinsu mai babban matsi suka fito, wajen bar 5, kuma irinsa za a mayar musu. 504 mai injektar Kugelfischer ita ma tana da nata na kamfani. Dizal kuwa wani karatu ne daban. Maganarmu a kan fetur da kafireto ce.

Zai rage min shan mai?

Ba zai rage ba. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 kowa ke wannan tambaya. Kafireto ne ke auna abin da inji zai sha, famfo ɗan aike ne. In ma matsinsa ya yi yawa, ƙaruwa shan zai yi. Koma ga amsar regileta.

Motar marigayi Babanmu ce, ba na so a ɓata ta. Wannan aikin zai rage mata daraja?

Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, in an yi aikin da tsabta ba abin da zai ragu, domin komai ana iya mayar da shi yadda yake. Ki ce wa makanike kada ya huda sabon rami inda akwai tsohon noti da zai ɗauka, kada ya yanke bututun ƙarfe na asali in zai iya shiga ta wajen tiyo, kada kuma ya yanka wayoyin motar, ya ja nasa daban. Tsohon famfon a karɓo shi a ajiye, kada ya ɓace a gareji. Ga motar da ba a fita da ita sai jefi-jefi, tsarin barin famfo biyu da aka yi bayani a sama ya fi dacewa: wanda ya buɗe bonet zai ga komai yadda Baba ya bari.

Wane tiyo za a sa, kuma me za a kiyaye ranar aikin?

Tiyon mai na gaske, wanda aka buga lambarsa a jiki. Mai rubutun SAE J30 R9 ya fi jure man zamani. Tiyon ruwa, ko farin nan na janareto da ake gani ta cikinsa, ba su da wuri a nan, zafi na sa su ƙage su tsage. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci da dama suka lalace a Abuja da Legas, kuma roba na cikin abin da irin wannan mai ke fara ci. Tunda layin da a da tsotsa ake yi a cikinsa yanzu matsi zai ɗauka, tsagewar da a da iska take sha yanzu mai za ta fesar. A canza duk tsohon tiyo, kowane baki a sa masa kilif mai noti, ban da ɗaurin waya.

Ranar aikin a cire kan batir na at tukuna. A yi a fili, nesa da mai walda da mai shayi da mai sigari. Abin kashe gobara, wanda dama jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, ya kasance a hannu, mai hoda, don ruwa ba ya kashe wutar fetur. In an gama, a kunna famfo inji na kashe, a bi layin da ido da yatsa daga tanki har kafireto. Sannan a tayar, a bar ta ta yi zafi, a sake bi. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ake mantawa: inji na aiki, a zare wayar kwayil ya mutu, makulli na kunne. Famfon ya yi shiru cikin daƙiƙa kaɗan. In ya ci gaba da bugawa, ba a gama aiki ba.

Nawa yana ta "tak-tak-tak". Lafiya kuwa? Kuma yaya zan san ya kusa mutuwa?

Masu bugawa haka suke. Da farko da ƙarfi, in layi ya cika sai sautin ya yi laushi. Tsofaffin na SU ma tsayawa suke yi cak sai inji ya sha mai su sake bugawa. In ƙarar ta yi yawa kuma ba ta sauka, ko tanki ya kusa ƙafewa ne, ko yana shan iska ta wani tiyo, ko filta ta toshe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: zare tiyo a bakin kafireto, sa shi a gora, danna maɓallin cikawa. Rabin lita cikin rabin minti ya ishi 504 har da ragi. Kada ka saba tafiya da tanki a ƙasa, bugun iska ba mai na cinye famfo.

Idan ya yi shiru gaba ɗaya a hanya, fara da fis, sai maɓallin makunnin karo, wanda rami mai zurfi kan iya tayar da shi, sai wayar at da tsatsa ke ci, sai rile. Shi kansa famfon ne na ƙarshe a jerin zargi. A but ɗina akwai fis biyu, rile ɗaya, filta, tiyo kamu ɗaya da kilif huɗu, da tsohon famfon inji naɗe a tsumma tare da gasket ɗinsa, saboda noti biyu ne kawai ke riƙe shi kuma ko a Akwanga akwai yaron da zai iya mayar da shi.